Yarinyar da Muka Ara

Shekarar da na koma karatu ina da shekara talatin da shida. Da safe ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata, da yamma in je in zauna a aji da yaran da na ba wa shekara goma da ɗoriya. Tarihin addinai nake karantawa. A zango na biyu malamarmu ta rubuta batutuwan bincike a 'yan takardu ta zuba a kwali, kowa ta sa hannu ta ɗauka. Nawa hannun ya faɗa kan wanda ba mai so: abin da Kiristocin farko suka koyar kan kare yara daga zalunci a zamanin Rumawa. Na dawo gida da littattafai huɗu a jaka ina ƙunƙuni, don ni tarihin Andalus na so.

Gidanmu a unguwar Kudai yake cikin Makka, hawa na uku, ni da Inna kaɗai tun da Baba ya rasu, aurena kuma ya ƙi. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Sakkwato, ya yi shekaru a hanya, ya sauke farali bai koma ba. A nan aka haifi Inna, a nan aka haife ni, takardunmu cikakku ne. Duk da haka Sakkwatancin ubanta Inna take yi har gobe, ta ɗan barbaɗa masa Larabcin Makka. Ni ma Hausa nake yi a gida, amma da zarar raina ya ɓaci Larabci ne ke fitowa, kuma raina ba ya wuyar ɓaci.

Da Inna ta ga littattafan ta tambaye ni na mene ne. Na faɗa mata.

"Littattafan Nasara cikin Makka," ta ce. "Ke dai ba ki rasa abin jawo muna. To tunda kin kawo su, ki riƙa gaya mani mi ke ciki, kada in kwana da abin da ban sani ba."

Haka muka shiga yi. Ranar da ba ni da aji, bayan la'asar tana tsince shinkafa ko gyaran wake, ni kuma ina juya mata abin da na karanta zuwa Hausa. Aikin ya fi rubutun wuya, don Inna ba ta yarda da kalmar da ba ta da kai, sai ta sa na sake faɗa har ta gane.

Na gaya mata cewa a Rum ta wancan zamani, in an haifi jariri uban gida ne ke da ta cewa, a raine shi ko a fitar da shi. In mace ce ba a so, ko ya zo da nakasa, ko bakuna sun yi yawa a gidan, sai a kai shi juji ko bakin hanya a ajiye. Wasu su mutu a nan. Wasu a tsince su a raine su a matsayin bayi, wasu kuma a kai su gidajen da ban iya faɗa wa Inna sunansu ba. Doka ba ta hana ba.

Inna ta tsaya da tsintar shinkafa. "Ashe kowane gari da jahiliyyarshi. Mu nan rami anka gina ma ɗiya mata, su can juji."

Sai na gaya mata labarin Kiristocin farko. 'Yan tsiraru ne, da yawansu talakawa da bayi da mata, ba sarki a bayansu ba alƙali, su kansu a ɗarare suke taruwa. Amma cikin abubuwan farko da suke koya wa duk mai son shiga cikinsu akwai cewa kada a kashe jariri, kada a yar da shi, kada babba ya lalata yaro ko yarinya ko da bawansa ne. Sun ja kunnen iyaye maza kada su matsa wa 'ya'yansu har zuciyarsu ta karye, sun ja kunnen iyayen gida kada su riƙa aiken bawa ko baiwa cikin ɗacin rai. Ƙyamar yar da jarirai daga Yahudawa suka gaje ta. Na kuma faɗa mata ba su hana horo ba, wasunsu har da bulala sun yarda, don kada ta ɗauka mala'iku ne.

"Na ji," in ji Inna. "Maza sunka rubuta littafi. To ɗiyan da anka tsinto, wa ka wanke musu kashi? Wa ka dama musu kunu?"

Na ce littafin bai faɗa ba. Ta ce in sake dubawa. Na duba, cikin jin haushi, kuma na samu: a gefen magana, layi ɗaya nan layi biyu can, ana ambaton matan da mazansu suka rasu, da gidajen da ba su samu haihuwa ba, da ake roƙo su ɗauki marayu. Da na gaya mata ba ta ko ɗago kai ba, ta ce dama ta sani.

A ɗakin ƙasa na gidan hayarmu akwai wata mata da ta zo daga Chadi shekarun baya. Umara ta kawo ta, ta zauna, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Ƙosai da kunu take kai wa direbobi da masu shara a wajen tashar motoci da sassafe, ido ɗaya kan kasko ido ɗaya kan titi. Mijinta yana Jidda yana fafutuka, sai jefi-jefi yake leƙowa. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ƙanwarta da ke can gida ta aiko mata da 'yarta riƙo, kamar yadda ake yi. Yarinyar ba ta wuce shekara bakwai ba, siririya, mai manyan idanu. In mun haɗu a matakala takan manne da bango ta gaishe ni, ni kuma in amsa ina duba waya.

Wata Asabar cikin bazara ruwa ya ɗauke mana dab da azahar. Na murɗa famfo ya yi tari ya yi shiru. Na zura silifa na hau rufin gidan in duba tankinmu, ina zagin mai gidan haya a zuciya. Wanda ya san rufin gidajen Makka a irin wannan lokaci ya san ba wurin tsayuwa ba ne. Simintin huci yake, ina jin zafinsa ta cikin silifa.

Yarinyar tana tsaye a tsakiyar filin, ta ɗaga 'yar katifar soso sama da kanta da hannu biyu, ba takalmi a ƙafarta. Ta ɗaga ƙafar dama ta sauke, ta ɗaga ta hagu. Ba kuka take ba. Da ta gan ni sai ta ƙara miƙe hannuwan, kamar na zo duba ko tana yi daidai.

"Me kike yi a nan?"

"Umma ta ce in tsaya har ta bushe."

Na taɓa katifar. Ta bushe ƙayau tun tuni.

"Ai ta bushe."

"Ba ta ce in sauko ba."

Fitsarin kwance take yi, wannan kuma shi ne maganin da aka zaɓa mata. Na ƙwace katifar na yar, na ɗauke ta cak, ba ta fi buhun shinkafa ƙarami nauyi ba. Tafin ƙafafunta duk sun tashi, wasu ƙurajen sabbi, wasu sun fashe sun fara warkewa an sake taka su. A kan matakala ne abin ya dawo mini. Makonni ke nan ina jin ana jan wani abu ana wuce ƙofarmu da hantsi a ranakun da nake gida. Mu ne a hawan ƙarshe, duk wanda ya wuce ƙofarmu rufi za shi. Ban taɓa tambayar kaina me zai kai mutum rufi da rana tsaka ba, har na taɓa ƙara ƙarfin na'urar sanyi don ƙarar ta daina hana ni karatun jariran Rum. Kunya ta kama ni, kuma ni in kunya ta kama ni faɗa nake nema.

Na ajiye ta gaban Inna, Inna ta kalli ƙafafun ta ce "Innalillahi," ta tashi ɗebo ruwa daga jarka. Ni kuma na gangara ƙasa kamar an jefo ni. Na buga ƙofar matar da tafin hannu. Ta buɗe, hannunta duk ƙullun wake, idanunta jajaye don rashin barci.

Na tambaye ta ko ita mutum ce. Ta ce, a hankali, "Ɗiyar ƙanwata ce, amana aka ba ni. In ta girma tana wannan abu, gidan wa za ta zauna? Ni ma haka aka yi mini na daina."

Nan Hausa ta ƙare mini. Na ce mata da Larabci, da ƙarfi, ƙofofin maƙwabta a buɗe, yau ɗin nan zan kai balagi, wato ƙara wurin hukuma, su zo su ga abin da take yi.

A unguwarmu ana faɗa kan ruwa, ana faɗa kan shara, ana faɗa kan yara har a yi wata ba a gaisawa. Amma mai takarda ba ya faɗa wa marar takarda wannan kalma. Ba wanda ya rubuta dokar, kowa dai ya san ta, ni ma na san ta tun ina ƙarama. Na ga fuskar matar ta mutu a gabana. Ta goge hannu a zani, ta hau sama, ta gaishe da Inna cikin ladabi, ta goya yarinyar da ƙafafunta a jiƙe, ta sauka ta rufe ƙofa. Inna ba ta hana ta ba, don ba mu da hurumin hanawa.

Da na shigo Inna ta bar ni na sha ruwa tukuna.

"Garin neman gira kin rasa ido," ta ce. "Takardar da ke jakarki, ke kinka yi ta? Kakanki da ƙafa ya zo garin ga, ko tabarmar kwana bai da. Yanzu ki zauna ki ga abin da bakinki ya saya."

Ban daɗe ina jira ba. Ranar Litinin Goggo ta hawa na biyu, tsohuwar ƙawar Inna wadda labari ba ya wuce ƙofarta bai gaishe ta ba, ta hauro tana haki. Ta ce matar ta nemi mota, ranar Alhamis da safe za a kai yarinyar Jidda wurin wasu dangin mijin, ita ma tana neman ɗaki a wata unguwa. Gidan da ba mu sani ba, mutanen da ba mu sani ba, kuma ba wanda zai hau rufinsu duba tanki.

Na ɗauki waya na ce to bari in kira da gaske, kafin Alhamis.

"Kira," in ji Inna. "In sun zo, sai mi? Su tai da ita, su tai da ɗiyar, ke ki koma ma littafinki. Kin san inda za a kai ta?"

Ban sani ba. Har yau ban san abin da zai faru ba da na kira. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, ba na raina su, mai yiwuwa da sun yi abin da ya fi namu.

"Su Nasaran naki na dauri," ta ce, "'yan sanda sunka kira?"

Na ce ba su da 'yan sanda, doka ma tana bayan uban gida ne, sai bayan ɗaruruwan shekaru ta juyo.

"To mi sunka yi?"

"Ɗauka suke yi su kai gida."

"To ajiye waya ki ba ni kwana biyu. In ban iya ba, ni da kaina zan ce ki kira."

Ranar Laraba bayan la'asar na fito daga wanka na tarar Inna ta naɗe gwiwarta ta dama da bandeji, ta ɗauko sandar Baba daga bayan sif. Innar da jiya ta hau hawa uku da buhun albasa ce fa. Ta ƙulla goro da turaren wuta a leda, ta ce in sa mayafi, kuma in bar bakina a sama. Muka biya ta ƙofar Goggo muka ɗauke ta. Inna ta sauka matakalar nan tana nishi tana kiran sunan Allah a kowane taki, Goggo na riƙe da ita tana "sannu, sannu" da fuskar da ko gezau.

Na shiga ɗakin ina faɗa wa kaina durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Sai na ga ɗakin. Tukwane an jera su cikin kwali, kaskon ƙosai a kife ya bushe. Kwana huɗu matar ba ta fita sana'a ba, tana zaune tana jiran ƙarar mota a ƙofa. Yarinyar na kwance a lungu, an shafa mata wani magani a ƙafa an ɗaure da tsumma mai tsabta. Fushina bai tafi ba, amma ya samu abokin zama.

Aka gaisa, aka sake gaisawa. Inna ta tura ledar goro gabanta.

"Ɗiyata, roƙo biyu na zo da shi. Na fari, ki yafe ma wagga. Jiki ya girma, hankali bai ida zuwa ba. Karatu ya yi mata yawa."

Na durƙusa, ni da ko a gidan miji sai da aka yi fama da ni kan durƙuso. Na ce, "Yaya, na yi kuskure. Wallahi ban kira kowa ba, kuma kalmar da na faɗa ba ta kamata ba. Ki yafe mini." Ban ce ba zan taɓa kira ba, wannan na bar shi a cikina. Ta kalle ni ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Sai Inna ta miƙe ƙafar da ta naɗe, ta yamutsa fuska.

"Na biyu, gwiwar ga ta hana ni sakat. Wagga tana makaranta safe da marece, in na faɗi cikin bayi babu mai ji. Ki ara mani ɗiyar ga ta zauna wurina, ta miƙo mani ruwa, ta zura mani zare ga allura, har ƙafar ta yi sauƙi."

A wurinmu in tsohuwa ta roƙi aron yaro gaban shaida, hana ta abin kunya ne da za a daɗe ana faɗa. Kuma aro ba kyauta ba ne. Ba wanda zai ce an ƙwace miki riƙo, ko kin kasa. Taimakon tsohuwa kika yi, har lada gare ki. Inna ta buɗe mata ƙofar da za ta fita ba tare da ta sunkuyar da kai ba, Goggo kuma na zaune tana kallo don kada a ce ba a yi ba.

Matar ta daɗe tana murza bakin zaninta. "Hajiya, amana ce. Sai uwarta ta ji."

Ta kira Chadi, ta buɗe muryar wayar kowa na ji. Sai da aka kira sau uku kafin ta shiga. Ta yi wa ƙanwarta bayani, ba ta ambaci rufi ba, mu ma ba mu ambata ba. Na san uwar da ta ba da riƙo ba ta sa baki a maganar ɗanta, kara ba ta barin ta. Haka kuwa aka yi.

"Yaya, ni haihuwa kawai na yi, ke ce uwarta. Duk abin da kika yanke daidai ne."

Inna ta karɓi wayar ta gaishe ta, ta tambayi mai gida, ta tambayi damina, ta tambayi mutanen da ba ta taɓa gani ba. Sai uwar yarinyar ta tambaya, ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, tana cin abinci kuwa?"

Matar ɗakin ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga cikin mayafin ta ce, "Ki ɗauke ta, Hajiya. Har ƙafarki ta yi sauƙi."

Ni na goyo ta zuwa sama, Inna na biye da mu tana nishinta.

Washegari da na tashi sallar asuba na tarar da ita tsaye a bakin ƙofar fita, ta naɗe katifar da muka shimfiɗa mata ta rungume, tana jira a buɗe mata. A kan dugadugai take tsaye saboda ciwon. Inna ce ta fito daga alwala ta ce, "Ajiye nan. Katifa ka shan rana, ba mutum ba. Zo ki yi wanka ki sha shayi." Na sayo ledar shimfiɗa da man ƙuna a kantin magani. Ƙafafun suka warke cikin mako uku. Fitsarin ya fi daɗewa, ya ragu daga kullum zuwa jefi-jefi, ba wanda ya sake ambatonsa a gidan. Ta fara kiran Inna Kaka, ni kuma Hala, yadda yaran Makka ke kiran 'yar'uwar uwa. Da dare in na dawo ina koya mata baƙaƙe a gefen teburin da nake rubutuna.

Amma aro aro ne, kuma wa'adinsa na rataye a gwiwar Inna. Wata huɗu Inna ta yi tana ɗingishi a matakala, nishin ya fi ƙarfi in ta zo daidai ɗakin ƙasa. Da ta shigo gida sai ta jingine sanda ta ɗauki tsintsiya. Wata rana ta naɗe gwiwar hagu, yarinyar ta ce, "Kaka, jiya waccan ce." Inna ta ce ciwon yawo yake yi. Da na tsokane ta cewa tsohuwa da carbi tana ƙarya, ta ce gwiwar tsohuwa ba ta rasa ciwo, gishiri kawai ta ƙara, kuma tana istigfari a kan gishirin.

Kowace Juma'a matar takan hauro da ƙosai ta gaishe da Inna. Yarinyar ta sandare a gefe, ta gaishe ta, ta nemi aikin yi a kicin. Sai matar ta ce, "Yaya ƙafa, Hajiya?" Duk Bahaushe ko yana bakin kabari "da sauƙi" yake cewa, amma Inna ba ta da damar faɗar haka, ba ta kuma son yi wa Allah butulci. Sai ta ce, "Mun gode Allah, ana nan ana fama." Ni kuwa duk Juma'a da fargabar za ta ce a mayar mata da yarinyar nake tashi. Na miƙa bincikena a cikin wannan hali, na samu maki matsakaici, malamar ta rubuta a gefe cewa na ɓata shafuka da yawa kan mata masu raino.

A farkon watan Zulhajji, Kudai ta cika da motocin alhazai har ba a jin kiran mutum daga taga. Wata Talata da hantsi aka ƙwanƙwasa. Na ɗauka mai kawo gas ne, na buɗe ƙofar gaba ɗaya. Matar ce, da babbar leda a hannu. Inna kuwa na tsaye a kan kujera tsakiyar falo tana sauke labule, ba bandeji, ba sanda, ƙafa ɗaya ma a kan hannun kujerar take.

Yarinyar na jin muryar sallamarta ta shige ɗakina.

Matar ta kalli Inna daga sama har ƙasa. "Sannu da aiki, Hajiya. Ƙafa ta yi sauƙi ke nan."

Inna ta sauko a hankali. Ta nuna mata wurin zama, muka zauna mu uku.

"Na samu aikin girki a Mina," matar ta ce. "Gobe za a kwashe mu. In an gama Hajji zan wuce Jidda wurin mai gidan, na saki ɗakin."

Na buɗe baki, Inna ta danne mini ƙafa da tata.

"Hajiya, tun ranar da kika sauko na san ƙafarki lafiya lau. Mai ciwon gwiwa ba ya tashi daga tabarma ba dafa ƙasa." Ta ɗan yi murmushi, ya ɓace. Ta turo ledar gaban Inna. "Na yi magana da uwarta, na gaya mata komai, har rufin. Ta ce in kin yarda ki riƙe ta."

Sauran kayan yarinyar ne a ciki, da sabuwar rigar sallah da ko zaren ɗinki ba a gama cirewa ba, da takardar haihuwarta a naɗe cikin wata ƙaramar leda.

"Ina sonta, wallahi ina sonta," ta ce. "Ban iya ba ne kawai."

Inna ta kama hannunta ta riƙe. Ta ce ta karɓa, kuma ƙofar gidan nan a buɗe take gare ta duk ranar da ta shigo Makka. Sannan ta ɗaga murya ta kira yarinyar. Sai da ta kira sau biyu ta fito, ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe da Ummanta. Matar ta matsa ta dafa kanta, ta ce ta riƙa jin maganar Kaka. Ta tashi ta fita da sauri, ba ta bari na raka ta ko matakala ɗaya ba.

Yarinyar na nan durƙushe tana kallon ledar.

"Kaka, yau zan koma?"

"A'a."

"Gobe?"

"Ba gobe, ba jibi. Ɗauki kayanki ki kai ɗaki ki zuba ga sif."

Ta ja ledar da hannu biyu ta shige. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, na zame na zauna a ƙasa. Na yi kuka sosai, na sauƙi, irin wanda ba ya ciwo, Inna na ce mini in tashi kada in tsorata ɗiya. Daga ɗaki na ji an buɗe sif, ana tura rataye-rataye gefe guda. Sai yarinyar ta ɗaga murya, karo na farko da na ji ta ɗaga murya a gidan.

"Hala! Kayanki sun yi yawa. Zo ki rage, ina zan sa nawa?"